Ciwon Leba: Raunin Gani da Ake Gado ta Wajen Uwa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin wata lalura da nake fama da ita, wadda mutane da dama ba su taɓa jin sunanta ba.

Ina aji biyu a jami'a abin ya same ni. Wata safiya a ɗakin lacca na lura idona na hagu ba ya ganin tsakiyar allo, kamar an shafa masa toka. Babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Kafin wata biyu na dama ma ya bi sahu. A gida aka ce jifa ce, aka yi ta hayaƙi. Sai da wani likitan ido ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a dangin mahaifiyata, sannan na tuna da kawuna wanda ganinsa ya raunana tun yana saurayi. Gwajin jini ya tabbatar da zaton likitan.

Mene Ne Ciwon Leba?

An sa wa ciwon sunan Theodor Leber, wani likitan ido ɗan ƙasar Jamus da ya yi bayaninsa a shekarar 1871. Ba yanar ido ba ce. Idon kansa lafiyarsa ƙalau, jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa ce take lalacewa. Shi ya sa tabarau ba ya magani: idan wayar lantarki ta tsinke, sauya ƙwan fitila ba ya kawo haske.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ne ke samar wa jiki ƙarfi. A 1988 Douglas Wallace da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa tangarɗa ce a cikinsu take haddasa ciwon. Jijiyar gani kuwa tana bukatar ƙarfi mai yawa, don haka ita ce ke fara gazawa.

Yadda Ake Gadonsa

Ɗan Adam daga uwa kaɗai yake gadon mitokondiriya. Saboda haka ni namiji ba zan ba 'ya'yana ciwon ba, amma ƙannena mata za su iya ba nasu ko da su idonsu garau ne. Ba kamar sikila ba ne da sai an haɗu daga uwa da uba, kuma ba auren zumunci ke kawo shi ba. Ya fi kama maza, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 35. Da yawa daga masu ɗauke da shi har su tsufa ba ya tashi. Sai dai shan taba da yawan shan giya suna ƙara haɗarin tashinsa.

Zama da Shi

Tsakiyar gani ke tafiya, gefe ya saura. Ina zuwa masallaci da kasuwa ba tare da ɗan jagora ba, amma ba na gane fuska. Sau nawa aka ce ina da girman kai don na wuce aboki ban gaishe shi ba! Yanzu da murya da irin tafiya nake gane mutane. Lacca kuwa naɗar ta nake yi, waya ta karanta mini rubutu, jarrabawa kuma in nemi a buga mini ita da manyan baƙaƙe.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna idebenone da ke taimaka wa wasu, kuma akan sami waɗanda ganinsu ke ɗan dawowa da kansa.

Kammalawa

Shawarata ita ce, duk wanda ganinsa ya dushe farat ɗaya ya hanzarta zuwa wajen likitan ido, ya kuma binciki tarihin dangin uwarsa. Wanda ya san ciwon na cikin danginsu ya nisanci taba. Ku kuma abokaina, in kun gan ni a hanya ku faɗi sunanku tare da sallama, zan amsa da fara'a.