Layin da aka ja da rula a gefen rajista: Wa ke tsara ƙa'idar alƙaluman lafiyarmu?

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin asibiti a Romi a kwanakin ƙarshen wata, bayan layin masu awon ciki ya watse, zai iya tarar da wani aiki da ba a cika maganarsa ba. Ma'aikaciya ɗaya ce ko biyu a bakin tebur, ga manyan littattafai a buɗe gabansu: rajistar masu zuwa ganin likita kullum, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta tazarar haihuwa. Ana bin layi da yatsa, ana ƙirgawa, ana zuba jimilla a fom ɗaya na ƙarshen wata.

Kwanakin baya na raka yayata wani ƙaramin asibiti a unguwar domin a yi wa jaririyarta rigakafi. Ina tsaye ana cike katin yarinyar sai idona ya faɗa kan rajistar. A can ƙarshen shafin, inda layukan da aka buga suka ƙare, an ƙara wani layi da rula da biro, an rubuta masa suna da hannu. Da na tambayi sistar, sai ta nuna min cewa littafin da ke hannunta ba shi da gurbin ɗaya daga cikin alluran da take bayarwa, sababbin littattafai kuma ba su iso ba. Idan ba ta ja layin ba, a lissafin hukuma kamar ba a yi wa yaran komai ba.

Tun daga ranar wannan layi yake raina, domin shi ne ƙarshen wata doguwar igiya da ta taso daga Geneva, ta bi ta Abuja, ta ratsa sakatariyar Ƙaramar Hukumar Chikun, kafin ta sauka kan wancan tebur.

Inda fom ɗin yake zuwa

Rajistocin da fom ɗin ƙarshen wata duk ɓangare ne na tsarin tattara bayanan lafiya na ƙasa da ake kira NHMIS, wanda Sashen Tsare-tsare, Bincike da Ƙididdiga na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke kula da shi. Asibiti ya cike fom, ya miƙa wa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman a wata manhaja mai suna DHIS2. Manhajar ta samo asali ne daga wani aiki da aka fara a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, yanzu kuma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar ta, ƙasashe fiye da 70 na amfani da ita.

Daga nan ne jami'i a Kaduna ko Abuja zai buɗe kwamfuta ya ga mata nawa suka haihu a asibiti a mazaɓa kaza, yara nawa suka kammala rigakafi, mutum nawa aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro. Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Babu mai iya zagaya su duk wata, don haka abin da fom ya faɗa shi ake ɗauka, da shi kuma ake auna yawan magani da allurai da ma'aikatan da za a tura.

An sabunta waɗannan takardu a 2013, aka sake sabunta su a 2019. Kowane karo sai an tara ɓangarori da yawa: masu kula da zazzaɓin cizon sauro, masu rigakafi, masu lafiyar mata da yara, masu abinci mai gina jiki, jihohi, da ƙungiyoyin ƙasashen waje masu ba da tallafi. Kowa da abin da yake so a ƙirga masa, takarda kuwa faɗinta ɗaya ne.

Me ya sa ba a barin fom yadda yake? Saboda aikin kansa ba ya tsayawa. A da, ƙa'idar awon ciki ziyara huɗu ce. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a mayar da ita takwas. Fom ɗin 2013 an tsara shi ne a zamanin huɗu. Haka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa masu ciki: da sau biyu ne, daga baya aka ce aƙalla sau uku. A ɓangaren rigakafi kuwa, Najeriya ta shigo da allurar Penta a 2012, ta rigakafin gudawar rota a 2022, ta kansar bakin mahaifa a 2023, sannan a ƙarshen 2024 aka fara ta zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Kowace sabuwa na buƙatar gurbinta a katin yaro da rajista da fom da manhaja. Huɗun nan kuma ba sa sauyawa rana ɗaya. A manhaja ana iya gyarawa cikin dare guda. Littafi kuwa sai an samu kuɗin bugawa, an buga, an ɗora a mota, an raba.

Kalma ɗaya, ma'ana uku

Abin da ya fi gurbi wuya shi ne ma'ana. Ɗauki zazzaɓi. Uwa ta kawo yaro jikinsa da zafi. A fom akwai bambanci tsakanin wanda ya zo da zazzaɓi, da wanda aka yi wa gwajin jini, da wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar, da wanda aka bai wa magani. Idan kayan gwaji sun ƙare a asibiti ɗaya, ma'aikaci ya rubuta duk mai zafin jiki a matsayin wanda aka tabbatar, shi kuma na asibitin gaba ya bi ƙa'ida, to alƙaluman asibitocin biyu ba sa haɗuwa, ko da kuwa an jera su a tebur ɗaya an tara. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya, saboda haka ɗan kuskuren da aka maimaita a dubban asibitoci kan zama katan-katan na magani da aka kai inda ba a buƙata, wani wurin kuma a rasa.

Ga kuma harshe. Romi unguwa ce ta ƙabilu da yawa, Hausa ce ta haɗa yawancinsu a kasuwa da asibiti. Mara lafiya zai ce yana da "shawara". Wannan na iya zama ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara da ake kai rahotonsa cikin gaggawa, ko kuma idon jariri ne ya yi rawaya. Mace ta ce tana da "sanyi", kalmar da ta kwashe cututtuka da dama. Ma'aikaciyar ce za ta fassara wannan zuwa Turancin rajista, cikin minti biyu, mutum talatin na jiranta a benci. Wannan ilimi ne babba, amma ba na jin an taɓa rubuta shi a wani littafin jagora yadda ya kamata.

Ko sunan unguwar ma abin lura ne. Wani ya rubuta Romi, wani Ungwan Romi, wani Unguwar Romi, wani ya taƙaita U/Romi. Ɗan Adam ya san wuri ɗaya ne. Kwamfuta unguwa huɗu take gani. Dalilin da ya sa aka yi rajistar asibitoci ta ƙasa mai bai wa kowane asibiti lambarsa ke nan.

Akwai wata matsalar da ta fi damun unguwanni irin Romi. Idan aka ce an yi wa kashi kaza na yara rigakafi, ana raba waɗanda aka yi wa ne da yawan yaran da ake zaton suna wurin. Wannan zato ya dogara da ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, tun da an ɗage ta 2023. Kudancin birnin Kaduna kuwa ya cika ya batse tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 da suka sauya yadda jama'a ke zama a tsallaken kogin nan da can. Gonakin da ke bayan Romi da Gonin Gora da Sabon Tasha sun zama gidaje. Idan adadin da aka raba da shi ya gaza na gaskiya, asibiti zai iya fitowa da fiye da kashi 100 a takarda, a tafa masa, alhali a lunguna akwai yaran da allura ba ta taɓa jikinsu ba.

Yadda wasu ke yin nasu gyaran

Wannan wahala ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Babban kundin rarraba cututtuka na duniya, ICD, ya faro ne a 1893 daga jerin sanadin mace-mace da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na 10 an amince da shi a 1990, aka daɗe ana amfani da shi har duniya ta wuce shi.

Da aka zo bugu na 11 sai aka sauya salo. Maimakon kwamiti ya kulle kansa a ɗaki, aka buɗe dandali a intanet inda likita ko ma'aikacin adana bayanai daga kowace ƙasa zai shigar da shawararsa tare da hujja. Hukumar ta ce ta karɓi shawarwari fiye da 10,000. An amince da kundin a watan Mayun 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Har babi aka ware wa maganin gargajiya, wanda aka fara da na China da Japan da Koriya. Ba don sun fi kowa ciwo ba, sai don sun daɗe da rubuta nasu a tsare, suka zo teburin da takarda a hannu. Namu "shawara" da "sanyi" da "rana" suna nan a bakin tsofaffi.

Masu sana'ar kula da bayanai gaba ɗaya, na banki da kamfanin waya da ma'aikatun gwamnati, su ma suna da nasu kundin mai suna DMBOK, na ƙungiyar DAMA da ta faro a Amurka. Bugu na farko ya fito a 2009, na biyu a 2017, ya kasa sana'ar gida 11, da suka haɗa da ingancin bayanai, tsaronsu, da ma'anar kowane abu da ake ƙirgawa. A tsakiyar su duka aka sa tambayar wa ke da ikon yanke hukunci a kan bayanai. A 2025 ƙungiyar ta ƙaddamar da aikin bugu na uku, tana gayyatar masu sana'ar daga ƙasashe daban-daban su sa hannu, ganin yadda ƙirƙirarriyar basira da ajiyar bayanai a intanet suka sauya aikin.

Na san sistar da ta ja layi da rula ba ta da lokacin karanta irin wannan littafi. Amma matsalolin da ke cikinsa su take warwarewa kowace safiya, ba tare da wutar lantarki ba.

Wa ake tambaya?

A nan ne nake ganin gurbin da ya fi kowane girma. Idan za a sabunta fom, taron kan kasance ne tsakanin daraktoci da masana da masu ba da tallafi. Akan gwada sabon a wasu asibitoci, akan horar da masu horarwa, su sauko jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma. Magana na gangarowa daga sama cikin sauƙi. Hawanta daga ƙasa ne ke da wuya.

Alhali mai cike rajistar ita ta san gurbin da ba ya ɗaukar rubutu don ƙanƙantarsa. Ita ta san tambayar da mace ba za ta amsa ba in mijinta ko surukarta na tsaye. Ita ta san cewa bayanin mace ɗaya ana rubuta shi a littafi uku, kuma duk layin da wani shiri ya ƙara a Abuja, daga lokacin duba mara lafiya ake yanko mintocinsa. Najeriya na da ƙwararrun masu adana bayanan lafiya da hukumar da ke yi musu rajista, amma a ƙananan asibitoci da yawa aikin yana kan ma'aikaciyar lafiyar al'umma ne, wadda ita ce mai allura, mai karɓar haihuwa, wani lokaci har da ba da magani.

Romi kuma cike take da asibitoci masu zaman kansu da na coci-coci da ɗakunan haihuwa. Dubban mutane can suke zuwa. Su ma ana son su riƙa miƙa fom, sai dai wanda ba a kira shi lokacin tsarawa ba, ba a kawo masa littafi ba, da wuya ya ɗauki abin nasa.

Sai batun sirri, wanda duk gyaran da za a yi nan gaba ba zai iya tsallake shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan mara lafiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Amma kowa ya san yadda ake saukaka aiki yanzu: a ɗauki hoton shafi da waya, a tura ta WhatsApp. Idan fom ɗin jimilla ne, babu suna a ciki. Idan shafin rajista ne, akwai sunan matar, da unguwarta, da sakamakon gwajinta, a wayar da yaran gida ke wasa da ita da yamma. Hana turawa ba zai yi aiki ba matuƙar kuɗin mota zuwa sakatariya daga aljihun ma'aikaci yake fita. Abin da ake buƙata ƙa'ida ce da ta faɗi abin da za a tura da wanda ba za a tura ba, da Hausa da Turanci, a manne a bango.

Hanyar sauraron na ƙasa ma ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba. Akwai zaman tantance alƙaluma da ake yi a matakin ƙaramar hukuma, inda wakilan asibitoci ke zuwa da fom ɗinsu. Yawanci abin da ake dubawa shi ne ko jimilla ta yi daidai da rajista. Da za a ƙara takarda ɗaya a zaman, a riƙa rubuta gurbin da ya rikita mutane da wanda babu shi, a tara na Chikun da na sauran ƙananan hukumomi 22, Kaduna za ta je taron gyara na gaba da abin da ya fi ra'ayin darakta nauyi.

Da muka koma allura ta gaba, na leƙa rajistar. An buɗe sabon shafi, an sake jan layin a wurinsa, da jan biro wannan karon.