Star a Kano: Akwai Kasuwa, Babu Mutunci

Duk wanda ya zagaya shagunan Ƙauyen Alu, Gyadi-Gyadi da Tarauni zai ga Maltina a cikin firij, kusa da ruwan leda da lemon kwalba. Ita ake riƙewa a tafi dubiya Asibitin Malam Aminu Kano, ita ake ajiye wa baƙi ranar suna. Kamfanin da ke yin ta, Nigerian Breweries, shi ne mai giyar Star, wadda ba a ganin ko allon tallarta a unguwannin nan. Wannan bambanci yana nuna iyakar abin da talla ke iya saye: tana samar da masu saye, amma ba ta sauya hukuncin da jama'a suka riga suka yanke wa abu.

An kafa kamfanin a Legas a 1946, da hannun kamfanin UAC da Heineken na ƙasar Holan, kwalbar Star ta farko kuma ta fito a 1949. Masana'antar Aba ta biyo baya a 1957, ta Kaduna a 1963. Tallar wancan zamani ta nuna Star a matsayin abin shan ɗan boko, ma'aikacin ofis mai kwat da albashi, wanda ya wuce ajin burkutu da bammi. Daga baya kamfanin ya koma ga kiɗa da ƙwallo, da manyan wasanni irin su Star Mega Jam da gasar Star Quest ta sababbin mawaƙa. A Kudu dabarar ta ci, har kwalbar ta samu wuri a teburin biki ba tare da kowa ya ɓoye ta ba.

A Kano kuwa ta tarar da ƙofa a rufe. Musulunci ya haramta giya tun kafin zuwan Turawa, su kansu Turawan mulkin mallaka sun taƙaita sayar da barasar ƙetare ga 'yan ƙasa a Arewa, sai harkar ta tattara a Sabon Gari, unguwar baƙi. Shari'ar da aka ƙaddamar a 2000 da Hukumar Hisba da aka kafa bisa doka a 2003 sun ƙarfafa abin da al'ada ta riga ta tsayar ne kawai. A nan kalmar mashayi tana iya hana mutum aure, ta rage nauyin maganarsa a zaure, babu kuma mawaƙin da zai hau dandamali ya wanke masa wannan suna.

Mai ja da wannan magana zai ce ai alƙaluma sun ƙaryata ta. A Nuwamban 2013 Hisba ta farfasa kwalaben giya 240,000, a farkon 2022 kuma adadin ya kusa miliyan 4, ba a kuma loda wa tirela kayan da babu mai saye. Gaskiya ne akwai masu sha, ciki har da waɗanda ke sallah a sahu ɗaya da mu. Sai dai yadda ake shan shi ne hujjar: a otal, a bayan labule, nesa da unguwar da aka san mutum. Kayan da mai saye ke kunyar a gan shi da su sun samu kuɗi, ba su samu karɓuwa ba, alhali karɓuwar ita ce abin da tallar Star ta shekara da shekaru tana nema.

Kamfanin ma ya gane haka, ko da bai faɗa ba. Maltina da ya fito da ita a 1976 ba ta sa maye, ana tallarta da iyali da ƙarin kuzari, sai ta shiga gidajen da Star ba za ta taka ko soronsu ba. Wasu na ganin sayen ta tallafa wa mai giya ne, tunda ribar aljihu ɗaya take shiga. Damuwar ba ta banza ba ce, amma alaƙar ta fi haka zurfi. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma ga dawa, mafi yawan dawar Najeriya kuwa manoman Arewa ke noma ta.