Idan Ma'auni Ya Yi Ƙarya: Binciken Na'urorin Zafi da Laima a Gidajen Zamani

A daminar da ta gabata na shiga ɗakin da nake ajiye littattafai da irin wake na gwaji, sai na tarar fumfuna ta lulluɓe bangon wasu littattafan. Abin mamaki, na'urar da na kafa domin ta tashi fanka idan laima ta kai kashi 70 cikin 100 tana ta nuna mini 56 a wayata. Hancina da idona sun ce ɗakin a jiƙe yake, ma'auni kuwa ya ce lafiya lau. To wa ke da gaskiya?

Kafin mu amsa, ya kamata mai karatu ya san abin da ake aunawa. Adadin da na'urar ke nunawa gwaji ne tsakanin tururin ruwan da ke cikin iska da iyakar abin da zai iya kasancewa a cikinta a wannan zafi. Gwargwadon ɗumin iska, gwargwadon faɗin wannan iyaka. A 1783 masanin nan ɗan Janeba, Horace-Bénédict de Saussure, ya auna laima da gashin kan mutum, domin gashi yakan ƙara tsawo idan ya sha danshi. Na'urorin yau suna da wani ɗan siririn ɓawon roba mai tsotsar tururi, wanda sauyinsa ake juyawa zuwa lamba.

Da na buɗe tawa, sai na ga ma'aunin yana manne da guntun kwamfutar da ke aika saƙo, shi kuwa yana fitar da ɗumi. Lissafin ba shi da wuya: iskar da ke kan digiri 28 da laima kashi 75, idan ta ɗumama zuwa digiri 33, laimarta takan sauka zuwa kimanin kashi 56. Ashe ma'aunin iskar cikin akwatinsa yake aunawa. Na raba su da 'yar gajerar waya, aka huda wa akwatin ramuka, lamba ta daidaita.

Wanda ya gamu da irin wannan, ya fara duba mazauni. Kada a kafa na'ura inda rana ke duka, ko a jikin bangon da ya wuni yana shan zafi, ko kusa da murhu, ko a bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Daga nan sai a gwada ta da gishiri. A zuba gishirin girki a murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, a sa shi tare da na'urar a mazubi mai rufuwa ruf, a bar su kwana guda a inuwa. Iskar ciki za ta tsaya a kan kashi 75. Idan na'ura ta nuna 69, sai a ƙara mata 6 a manhajarta.

Na uku, a san iyakar abin da aka saya. Samfurin DHT11 mai araha yana iya kuskure da digiri 2 da kuma kashi 5 na laima, kuma ba a yi shi don auna ƙasa da kashi 20 ba, alhali a tsakiyar hunturu iskar ƙasar Hausa takan fi haka bushewa. DHT22 ya fi shi, domin kuskurensa a zafi rabin digiri ne, sai dai yana bukatar daƙiƙa 2 tsakanin awo da awo. Ƙura, hayaƙi da tururin fenti kuma sukan ɓata ɓawon robar sannu a hankali.

Idan kuwa lamba ta daskare wuri guda ko ta ɓace, a duba batir tukuna, sannan a duba nisa. Zigbee da Wi-Fi suna cuɗanya a zangon gigahaz 2.4, bangon siminti mai rodi kuma yakan raunana saƙo.

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina a ɗakin gwaji shi zan maimaita a nan: kowane ma'auni a gwada shi kafin a dogara da shi. Ni dai yanzu ina yin gwajin gishiri sau biyu a shekara, a farkon damina da farkon hunturu.