Yadda Ake Sa Rubutu Ya Yi Tafiya a Fuskar Agogon Zamani

Duk mai kallon labaran talabijin ya san layin rubutun nan da ke wucewa a ƙasan allo. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun so mu san yadda ake yin irinsa a fuskar agogon hannu na zamani, inda wurin bai fi ɗaukar haruffa 10 ba.

A hanya mafi sauƙi, rubutun ba ya motsi ko kaɗan. Taga ake yi masa. A ce saƙon shi ne GOBE AKWAI JARRABAWAR LISSAFI, tagar kuma ta haruffa 10 ce. Da farko agogo zai nuna GOBE AKWAI, sai OBE AKWAI, sai BE AKWAI J. Kowane lokaci tagar ce ke gusawa da harafi ɗaya, ido kuwa sai ya ɗauka rubutun ne ke gudu.

Manhajar WatchMaker, wadda ake zana fuskokin agogo da ita, tana karɓar umarni da yaren kwamfuta mai suna Lua, wanda aka ƙirƙira a Brazil a 1993. A cikinsa akwai umarnin string.sub: ka ba shi saƙo, ka faɗa masa inda zai fara da inda zai tsaya, ya yanko maka.

To, yaya agogon zai san inda zai fara? Nan ne ragowar rabawa, wadda wasunmu ke gyangyaɗi idan ana koyar da ita a aji, ta yi rana. Saƙonmu yana da gurbi 29 idan aka haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Ƙara tazara ɗaya a ƙarshe, ya zama 30. Sai a raba daƙiƙar da ake ciki da 30, a ɗauki ragowar, a ƙara 1, domin Lua daga 1 yake fara ƙirga. A daƙiƙa ta 35 ragowar 5 ce, tagar za ta fara daga gurbi na 6, wato A ta AKWAI. Mun ci sa'a 30 ta raba 60 daidai. Da tsawon saƙon 32 ne, duk ƙarshen minti sai rubutun ya yi tsalle ya koma farko bai gama zagaye ba. Shi ya sa ya fi kyau a ajiye ma'ƙirgi na daban, wanda kuma zai ba da damar ƙara sauri, don harafi ɗaya a daƙiƙa tafiyar hawainiya ce. Ana kuma rubuta saƙon sau biyu a jere, don kada tagar ta zo ƙarshe ta tarar da fili.

Akwai tarkon da ya shafi masu rubutun Hausa. Shi string.sub ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa. A tsarin UTF-8, harafi irin a ko b bayit ɗaya ne, amma ɓ da ɗ da ƙ kowannensu biyu ne. Idan bakin taga ya faɗa tsakiyar ƙ, sai ya raba ta gida biyu, wata baƙuwar alama ta fito a allo. Maganinsa shi ne a fara zuba haruffan ɗaya bayan ɗaya cikin jeri, sannan a riƙa ɗiba daga can. A kuma duba ko salon rubutun da aka zaɓa yana da haruffa masu lanƙwasa, don da yawa ba su da su.

Saura batir. Kowace gusawa sai agogo ya sake zana fuskarsa, kuma wuta yake ci. A agogunan Wear OS, idan allo ya dushe sau ɗaya a minti ake sabunta shi, don haka rubutun zai tsaya cak. Gara a umarce shi ya nuna farkon saƙon a wannan hali, kada ya maƙale a kan RRABAWAR L.

Wanda ba shi da agogon ma zai iya gwadawa: ya rubuta saƙon a doguwar takarda, ya huda taga a kwali, ya riƙa jan takardar ta bayanta.