Wasan jifan kibau: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk wanda ya ga yadda kafofin labarai suka ɗauki Luke Littler, matashin Ingila da ya zama zakaran duniya a wasan jifan ƙananan kibau a watan Janairun 2025 yana ɗan shekara 17, zai zaci daga sama yaron ya faɗo. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Tun 2021, yana da shekara 14, ya lashe gasar manya ta ƙasar Ayalan, ɗaya daga cikin gasannin hukumar WDF mai kula da waɗanda ba su ɗauki wasan sana'a ba. Jaridu nawa ne suka buga wannan sakamako?

Ga mai karatun da bai san wasan ba: allo ne mai da'ira a jikin bango, mai jifa ya tsaya nisan mita 2.37, ya jefa kibau uku a kowane zagaye, yana zabge maki daga 501 har su ƙare. Mafi yawan abin da zagaye ɗaya ke bayarwa 180 ne.

WDF ta fara Kofin Duniya a Landan a 1977, Wales ta ɗauka, kuma duk bayan shekara biyu ake yin sa. Yawancin masu zuwa ma'aikata ne da ke neman hutu daga wurin aiki domin su saka rigar ƙasarsu. Wannan ne ke burge ni, kuma shi ne ke cikin haɗari. A 1993 manyan 'yan wasa suka ɓalle daga tsohuwar ƙungiyar Birtaniya, BDO, suka kafa abin da ya zama kamfanin PDC, kuɗin talabijin ya bi su. BDO ta yi ta jan ƙafa har ta durƙushe a 2020.

Da WDF ta farfaɗo da gasar duniya a zauren Lakeside a 2022, Neil Duff na Ayalan ta Arewa ya yi nasara, aka ba shi fam 50,000. A shekarar nan Peter Wright ya karɓi fam 500,000 a gasar PDC. Ba na zargin wanda ya bi inda abinci yake. Amma a ganina kamfanin da ke girbe gonar ya kamata ya san kuɗin iri da taki.

Beau Greaves ta lashe gasar mata a Lakeside sau uku a jere, daga 2022 zuwa 2024. Ita ma yanzu ta karkata ga PDC.