Layin Gida Ko Layin Ƙasar Mutane: Wanne Matafiyi Zai Riƙa?

Da zarar aikin Hajji ya matso, masu shagunan waya a Arkilla da ke Sakkwato sun san tambayar da za su yi ta sha daga bakin maniyyata da 'ya'yansu: Baba ya tafi da layinsa na MTN ko Airtel a buɗe masa romin, ko ya haƙura sai ya sauka Jidda ko Madina ya sayi na can? Ɗan kasuwar da ke ƙetara Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ya zarce Tawa da Maraɗi, shi ma tambayar ke nan a gabansa. Galibin masu ba da amsa aljihu kawai suke dubawa, to mu fara da shi.

Romin haya ce. Kamfaninka na Najeriya ba shi da turakun sadarwa a Makka, sai ya ɗora ka a kan na STC ko Mobily ko Zain, su caje shi da kuɗin waje, shi kuma ya cira daga katinka har da ribarsa. Riyal ɗaure yake da Dala tun 1986, Riyal 3.75 a kan Dala ɗaya, ita kuwa Naira kowa ya ga yadda ta zube tun da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Abin da ya fi shammatar sabon matafiyi shi ne ko kiransa aka yi, yana biya. A gida mun saba mai kira ke ɗaukar nauyi. Don haka idan dangi suka yi ta bugowa ɗaya bayan ɗaya suna "Alhaji, ya ibada?", katin Alhaji ne ke tafiya. Data ta fi muni. Babbar waya ba ta barci: tana sabunta manhajoji, tana sauke bidiyon wa'azi da na biki da aka turo a zaurukan WhatsApp, mai ita na ɗawafi bai sani ba. Tulu ne mai yoyo ta gindi. Kamfanoni kan fitar da tsarin romin na musamman lokacin Hajji, kuma ya fi sauƙi a kan barin layi haka nan, amma zaman alhajin Najeriya wata guda ne ko fiye.

Layin can kuwa farashin 'yan ƙasa kake biya, ko kusa da shi, kuma datar na da auki. Wahalarsa tana bakin ƙofa. A Saudiyya ba a ba da layi sai da fasfo da zanen yatsa, kuma duk wanda ya raka tsofaffi rajistar NIN ya san yadda na'ura ke gardama da yatsan manomin da fartanya ta cinye, ko na Hajiyar da ta sha lalle kafin tafiya. Ga cunkoso a filin jirgi bayan doguwar tafiya, ga saƙonnin kamfani da Larabci da Turanci, ga sabuwar lamba mai farawa da +966 wadda babu wanda ya san ta a Sakkwato. Wannan gajiyar ce ke tura wasu su sayi layi a hannun masu talla a bakin titi, wanda aka yi wa rajista da sunan wani. Kada a yi. Ranar da aka rufe shi, babu ofishin da zai saurare ka.

Da lissafin ya tsaya nan, da layin can ya yi nasara babu gardama. Sai dai layin gida yanzu ya wuce abin kira. Tun da aka ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN a watan Disambar 2020, sim ɗinka ya zama rabin katin shaidarka. Ta kansa alat ɗin banki ke shigowa, ta kansa ake turo lambar tabbatarwa idan za ka tura kuɗi. Mutumin da ya cire shi ya ƙunshe a takarda ya jefa cikin jaka, ranar da guzuri ya ƙare aka turo masa kuɗi daga gida, ranar zai gane ya kulle kansa a waje. Wanda ya bar shi a hannun wani a gida kuwa, makullin asusunsa ya bari. Karɓar saƙon tes a waje yawanci ba a biya, saboda haka barin layin a kunne ba ya cin komai muddin an kashe masa data kuma ba a ɗaga kira da shi ba.

Akwai wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba. Datar romin takan bi ta kamfaninka na gida kafin ta fita intanet, shi ya sa manhajar da aka taƙaita a ƙasar da kake takan yi aiki a layin gida. An yi shekaru da dama kiran murya ta WhatsApp ba ya tafiya a layukan Saudiyya, dalilin da ya sa alhazanmu suka koyi Imo ke nan. Shi kansa WhatsApp ba ya buƙatar a canza masa lamba don an sa sabon sim. Idan ya tambaya, a bar tsohuwar.

Inda layin can ba shi da na biyu shi ne ranakun Mina da Arfa. Tantunan Mina farare ne iri ɗaya, kuma mutum kan fita jifa ya kasa gane hanyar komawa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. A irin wannan rana ɓatan awa biyu ba wasa ba ne. Mai data yana tura wa jagoransa daidai inda yake tsaye a taswira. Direba ko ɗan sandan da ya tsinci dattijo zai buga lambar Saudiyya nan take, amma zai yi jinkiri a kan +234. Ko shiga Rauda a Madina yanzu sai an nemi izini ta manhajar Nusuk, ita ma data take so.

Tafiyar Nijar hukuncinta daban. Mai shiga Ƙonni da safe ya dawo da la'asar ba ya buƙatar sabon layi, domin sabis ɗin Najeriya yakan tsallaka iyaka kaɗan. Haɗarinsa ɗaya: waya takan ɗare kan sabis ɗin Nijar da kanta ta fara lissafin romin, sai an shiga saiti an zaɓi kamfani da hannu. Mai zuwa Yamai ko Agadas ya yi kwanaki kuwa, ya sayi Airtel ta Nijar, ko Moov Africa, ko Zamani wadda ta gaji Orange a 2019. Kada sunan Airtel ya ruɗe shi, ya tambayi farashi kafin ya tashi. ECOWAS ta amince da dokar rage tsadar romin tun 2017, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. A tuna da kan caja ma: mai baki uku irin namu yana shiga soket a Saudiyya, a Nijar mai baki biyu zagayayye ake amfani da shi.

Ana ta maganar eSIM, amma wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu ba sa ɗaukarsa. Abin da Tecno da Infinix da itel suke da shi ya wadatar: gurbin sim biyu. A ganina duk tafiyar da ta wuce kwana uku, data da kira su koma layin can, layin gida ya zauna a gurbi na biyu don saƙon banki kawai. Romin zalla na mai gajeriyar tafiya ne, ko wanda ofis ke biya masa.

Saura kira ga Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Sakkwato: a ware ko da rabin awa a cikin bitar maniyyata a nuna musu yadda ake kashe datar romin da yadda ake tura wurin da mutum yake. Ku kuma 'ya'ya, ku saita wa iyayenku wayar tun a gida, ku rubuta lambar jagora da sunan masauki a takarda ku sa musu a jakar wuya kafin ku kai su filin jirgin Sultan Abubakar III.