Yankewar Sadarwar Waifai a Ƙananan Kwamfutoci: Darasi Daga Ƙasar Gezawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ke addabar malaman makarantun karkara waɗanda suka sami ƙaramar kwamfuta, watau yawan yankewar sadarwa tsakaninta da na'urar da ke rarraba waifai. Abin da ya jawo hankalinmu kuwa shi ne abin da muka gani a wata makarantar sakandare ta ƙasar Gezawa, sa'ad da muka je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Mun tarar da kwamfuta irin Raspberry Pi a kulle cikin kabad ɗin shugaban makaranta, alhali cike take da littattafai da darussa waɗanda ɗalibai kan karanta ta wayoyin hannu. Da muka tambayi dalili, sai aka ce mana adaftarta ce ta lalace, har an sayo wata daga birni, ita ma ta ƙi. Da muka bincika, ashe adaftocin nan biyu lafiyarsu ƙalau, laifin na caja ne da kebul ɗinta. Saboda haka za mu tsara matakan binciken irin wannan matsala bi da bi, domin malami ya gano ciwo kafin ya sayi magani.

2.0 Kwamfutar da Adaftarta

A shekarar 2012 ne gidauniyar Raspberry Pi ta garin Kambirij a Ingila ta fito da wannan kwamfuta, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba. Samfuran farko ba su zo da waifai a jikinsu ba, sai a 2016 da aka fito da Raspberry Pi 3. Don haka mai tsohon samfuri dole ya nemi adafta, watau wata 'yar na'ura mai kama da filashi wadda ake cusawa a kafar USB. A cikinta akwai rediyo mai aikawa da karɓar saƙo, kuma ba ta da wata hanyar samun wuta sai daga jikin kwamfutar. Wannan shi ne tushen yawancin matsalolin da za mu ambata.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Gano inda sadarwa ta yanke

Hanyar sadarwa gaɓa biyu ce: daga kwamfuta zuwa rauta, sa'an nan daga rauta zuwa hasumiyar kamfanin waya. Malamai da yawa kan ɗora wa adafta laifin da ke gaɓa ta biyu. Umarnin ping shi ke raba gardama. A aika shi zuwa adireshin rauta, a kuma aika shi zuwa wani adireshi na waje, alal misali 8.8.8.8. Idan rauta tana amsawa amma na waje ba ya amsawa, to sabis ne ya yi rauni ko data ta ƙare, sai a ƙyale adafta. Idan kuwa rautar ce ba ta amsawa, sai a wuce mataki na gaba.

3.2 Ƙarancin wuta

Ƙa'idar USB ita ce wuta ta kasance bolt 5, kada ta gaza 4.75. Adafta ba ta jan wuta daidai wa daida. Tana zaune shiru, sai ta zabura ta ja da yawa a lokacin aika saƙo. Idan caja ba ta da ƙarfi, wutar sai ta faɗi a daidai wannan lokaci, adafta ta mutu ta sake tashi. Haka kuma siririn kebul yana cin wuta a hanya. Ga misali: idan turjiyar kebul rabin om ce, kwamfuta kuma tana jan amfiya 1, to rabin bolt ya salwanta, abin da zai iso 4.5 ne kacal, ko da cajar ta gari ce.

Alamun wannan ciwo a bayyane suke. Samfuran da suka biyo bayan na farko sukan nuna gargaɗi a fuskar allo idan wuta ta gaza kimanin bolt 4.63. Umarnin dmesg yana nuna adafta tana ɓacewa tana dawowa, umarnin lsusb kuma wani lokaci ya gan ta, wani lokaci bai gan ta ba. Magani shi ne gajeren kebul mai kauri da caja mai ƙarfi, amfiya 2.5 ga Raspberry Pi 3, amfiya 3 ga Raspberry Pi 4. Ga tsofaffin samfura, gara a cusa adafta a mahaɗar USB mai wutar kanta. A ƙauyukan Gezawa, inda aka fi dogara da sola da batir, ya kamata malami ya lura da lokacin da sadarwa ke yankewa. Idan da sassafe ne ko bayan la'asar, ko ranar da ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan sola, to batir ne ya yi sanyi.

3.3 Barcin adafta

Akwai adaftocin da aka tsara su yi barci idan sun jima ba aiki, domin tanadin wuta. An san wannan hali ga masu ɗauke da guntun Realtek RTL8188CUS, irin su Edimax EW-7811Un, wadda ta yi tashe a zamanin samfuran farko. Alamarsa ita ce kwamfuta ta daina amsa kira daga waje bayan an bar ta shiru, amma da zarar ita ta aika wani saƙo sai kome ya koma daidai. A wasu adaftoci ana kashe wannan barci da umarnin iw dev wlan0 set power_save off. Sai dai a tuna umarnin yakan goge idan an kashe kwamfuta, saboda haka dole a sanya shi cikin tsarin da ke gudana a duk lokacin da aka kunna ta.

3.4 Wurin ajiya

Saƙon waifai igiyar rediyo ce, ƙarfe kuwa yana tare ta. Azuzuwan makarantunmu rufin kwano gare su, ƙofofi da tagogi na ƙarfe, sau da yawa kuma tsoron ɓarayi kan sa a ajiye kwamfuta cikin akwatin ƙarfe. Katangar ƙasa mai kauri ita ma tana rage ƙarfin saƙo, balle ta jiƙe da damina. Umarnin iwconfig yana nuna ƙarfin saƙon da ke isowa: kusa da -60 ya wadatar, idan ya kai -80 sadarwa ba za ta zauna ba. Ba sai an fito da kwamfuta daga maɓoyarta ba. A sayi kebul ɗin ƙari na USB wanda bai wuce mita 5 ba, a rataye adafta a sama inda take hangen rauta. Wannan dabara tana kuma nisanta ta daga kafar USB 3, wadda kamfanin Intel ya nuna a 2012 cewa hayaniyarta tana damun waifai na zangon gigahaz 2.4.

3.5 Zango da tasha

Yawancin adaftoci masu araha zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, don haka ba za su ga rautar da aka saita a kan gigahaz 5 ba. A kuma tabbatar an zaɓi Nijeriya a matsayin ƙasa cikin saitin waifai. Cunkoson tashoshi matsalar birni ce, irin ta Sabon Gari ko Kantin Kwari, da wuya ta dami Tumbau ko Babawa. Duk da haka, idan malamai sun kunna waifan wayoyinsu a ofis ɗaya, sai a tsayar da rauta a tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11, domin su ne ba sa hawa kan juna.

4.0 Ƙa'idar Aiki

Kuskuren da muka fi gani shi ne malami ya canja caja da adafta da saiti a zama ɗaya. Ko an dace, ba a san abin da ya gyaru ba, gobe sai a koma gidan jiya. Ƙa'idar ita ce a canja abu ɗaya, a bar ping yana gudana na tsawon darasi guda, a rubuta sakamako a littafi tare da lokaci da yanayin wuta. A makarantar da muka ambata, canja kebul da muka yi tun farko ya rage yankewar, canja caja kuma ya kawar da ita.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa bincike yana farawa ne daga gano gaɓar da ta yanke, sai wuta, sai barcin adafta, sai wurin ajiya, sai zango. Sayen sabuwar adafta shi ne mataki na ƙarshe. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma rashin sanin nan ne ya hana ɗalibai littattafansu, ba rashin kuɗi ba. Muna ba da shawara ga kwalejojin ilimi su sanya wannan bincike cikin darasin kwamfuta na aikace, a bai wa kowane ɗalibi mita ya auna wuta da hannunsa kafin ya fita gwajin koyarwa. Haka kuma duk mai ba makaranta kyautar kwamfuta ya haɗa da caja ta ƙwarai, da kebul na ajiya, da takardar matakan nan a rubuce da Hausa.